Neman bizar ƙwararru daga Sakkwato: wace hanya ce ta fi dacewa da injiniya?

Injiniya daga Mabera:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan bizar ƙwararru, musamman ga wanda yake zaune a nan Sakkwato kuma bai taɓa karatu ko aiki a ƙasar waje ba. Ni injiniyan gine-gine ne, shekaruna 33, na yi digirina a nan gida, na kuma shekara 7 ina aikin hanyoyi da magudanan ruwa. Ina da mata da yara biyu. Wani dillali ya ce in ba shi kuɗi zai samo mini takardar zama na dindindin a Ostireliya cikin wata uku, amma da na tambaye shi lambar bizar sai ya shiga kame-kame. Shin akwai hanyar da mutum zai bi da kansa kafin ya sami mai ɗaukarsa aiki? Kuma tsakanin Ostireliya da Kanada da Birtaniya, wacce ce ta fi dacewa da irina?

Malami daga Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam, Injiniya. Ka riƙe kuɗinka tukuna, domin babu wanda zai iya yi maka alkawarin wannan biza, balle ya yanka mata wata uku. Ostireliya tana da biza uku da ake samu ta hanyar maki ba tare da mai ɗaukar aiki ba. Mai lamba 189 ta zaman dindindin ce kuma ba ta buƙatar kowa ya tsaya maka. 190 ma ta dindindin ce, sai dai jiha ce take zaɓarka ta ƙara maka maki 5. Ita kuwa 491 ta shekara biyar ce, tana ƙara maki 15, bisa sharaɗin ka zauna ka yi aiki a wajen manyan birane irin su Sidni da Melbon, bayan shekara uku kuma ka nemi ta dindindin mai lamba 191.

Bari mu lissafa naka. Shekara 33 tana ba ka maki 25, alhali wanda yake tsakanin 25 da 32 yana samun 30. Digirin farko 15 ne, aikin shekara 5 zuwa 7 a wajen ƙasarsu 10 ne, idan kuma ka ci 7 a kowane ɓangare na jarrabawar Turanci ta IELTS ka sami wasu 10, jimla 60 ke nan. Idan uwargida ta ci 6 a kowane ɓangare za a ƙara maka 5, ka kai 65, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ake karɓa. To amma 65 izinin shiga layi ne kawai, domin masu maki mafi yawa ake fara gayyata, kuma injiniyoyi suna da yawa a layin. Saboda haka a ganina 491 ce ta fi kusa da kai, tunda za ta kai ka 80, idan kuma ka dage ka ci 8 a Turanci, makin harshe zai tashi daga 10 zuwa 20.

Kafin duk wannan sai hukumar Engineers Australia ta tantance karatunka, wanda yawanci yake nufin ka rubuta bayanin ayyuka uku da ka yi da hannunka, kuma idan suka gano ka kwafo na wani za su yi watsi da kai. Bayan haka ne za ka cike fom ɗin nuna sha'awa a shafin gwamnatinsu mai suna SkillSelect, wanda kyauta ne kuma yana aiki shekara biyu. Ranar da gayyata ta zo kwana 60 kawai gare ka, don haka kada ka rubuta makin da ba ka da takardar shaidarsa a hannu. Idan har sai ka ɗauki wakili, nemi lambar rajistarsa ka duba ta a shafin OMARA, hukumar Ostireliya da ke yi wa wakilan biza rajista.

Ɗan kasuwa daga Illela:

Na gamsu da lissafin Malam, amma ban yarda a tsaya kan Ostireliya kaɗai ba. Tsarin Express Entry na Kanada, wanda aka fara a 2015, shi ma ba ya buƙatar mai ɗaukar aiki. Ana so ka fara samun 67 cikin 100, wata hukuma irin WES ta tantance digirinka, ka nuna kuɗin da za ka riƙe iyalinka da su, sa'an nan a jera ka da sauran masu nema bisa maki 1,200. Gaskiya wanda ya haura shekara 30 kuma bai taɓa aiki a can ba yakan sha wuya a jerin gama-gari. Sai dai tun 2023 suna ware gayyata ta musamman ga masu jin Faransanci, kuma makin da ake yankewa a can yakan yi ƙasa sosai. Mu da Ƙwanni ta Jamhuriyar Nijar take bakin ƙofarmu, samun malamin Faransanci ba abin wahala ba ne, kuma ina ganin shekara guda ta karatu da gaske domin jarrabawar TEF ko TCF ta fi kuɗin da za a miƙa wa dillali amfani.

Ma'aikaciyar jinya daga Arkilla:

Yayana, Birtaniya ba ta cikin irin hanyar da ka tambaya, domin bizarsu ta ƙwararru ba ta samuwa sai kamfani mai lasisi ya ɗauke ka ya ba ka takardar ɗaukar nauyi, kuma tun watan Yulin 2025 mafi ƙarancin albashin da ake nema ga yawancin ayyuka ya koma fam 41,700 a shekara. A watan ne kuma suka rufe ɗaukar masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, don haka duk wanda yake tallar wannan takarda a WhatsApp yaudara yake yi. Sunayen kamfanonin da ke da lasisi suna nan a shafin gwamnatinsu, kowa yana iya dubawa.

Akawu mai ritaya daga Ƙofar Marke:

Ɗana, abin da ya fi kayar da mutanenmu shi ne takardun gida. Ka shimfiɗa fasfo da katin NIN da sakamakon WAEC da takardar digiri da ta bautar ƙasa a kan tabarma ɗaya, ka duba ko Muhammadu bai koma Mohammed a wata ba, ko sunan gari bai maye gurbin sunan mahaifi ba, ko ranar haihuwa ba ta bambanta ba. Gyaran irin wannan yana cin watanni. Shekaru bakwai ɗin aikinka ma ba za a ƙirga su da baki ba, sai da wasiƙa mai bayyana ayyukanka da kwanakinsu, tare da takardun albashi da bayanan banki, kuma wanda ake biya a hannu yakan rasa makin nan gaba ɗaya. Ka nemi takardar sakamakon jami'a tun yanzu, ka yi wa aurenku da haihuwar yara rajista idan ba a yi ba. Ga sauran masu karantawa kuma, su sani cewa duka ƙasashen nan uku mace ɗaya suke amincewa da ita a takardar biza, don haka mai mata biyu ya zauna da iyalinsa a yi wannan magana kafin ya biya kuɗin ko da jarrabawa ɗaya.