Aikin motar ɗaukar marasa lafiya: ta ina zan fara?

Ɗan Fagge: Salam 'yan uwa. Na yi horon taimakon farko na Red Cross, ina son aikin motar asibiti ya zama sana'ata. Takardar ta isa?

Nas daga Gwale: Ba ta isa ba, ƙanena. Ka yi karatun jinya, ka samu lasisin Majalisar Jinya da Ungozoma, sannan ka ƙaro kwas na hatsari da gaggawa a asibitin ƙashi na Dala.

Ɗan Fagge: Yaya, albashin fa?

Direba a Zoo Road: Asibitin kuɗi ba ya biya sosai, gara na gwamnati. Ga kwanan aiki, ga cunkoson Kofar Ruwa, kana jiniya 'yan adaidaita ko gezau.

Nas daga Gwale: Ka koyi tuƙi ma, yana ƙara maka daraja.