Daga keken duwatsu zuwa keken kwalta: wanne ya dace da hanyoyin Birnin Kebbi?

Ɗan Zuru ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin keken kwalta, wato mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, domin duk hawan da na yi a rayuwata a kan keken duwatsu na yi shi. Shekara shida na yi ina aiki a Zuru, kusan kowace Asabar ina bin hanyoyin ƙauye da ke ratsa tsakanin duwatsu, kuma a can ban taɓa ganin aibin kekena ba. Da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Birnin Kebbi sai labari ya sha bamban. Ina zaune a Gesse, wurin aikina yana ta wajen hanyar Kalgo, kilomita 14 daga ƙofar gidana, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na koma zuwa aiki a kan keke kwana uku a mako. Likita ma ya ce hawan jinina yana buƙatar motsa jiki na kullum, don haka jifa ɗaya nake so na kashe tsuntsu biyu.

Kekena mai wili inci 29 ne, tayarsa inci 2.25 mai manyan haƙora, yana da shokozoba a gaba, nauyinsa kilo 14 da wani abu. A kan kwalta yana yin gurnani kamar babbar mota, ina tuƙi da ƙarfi amma tafiyar ba ta kai wahalar da nake sha ba.

An nuna mini kekuna biyu 'yan Kwatano. Na farko jikinsa na kabon ne, wato wani abu mai ƙwari da ba ƙarfe ba, ba shi da nauyi ko kaɗan, tayarsa milimita 23, birkinsa mai kama gefen wili. Na biyu na alminiyom ne, ya fi nauyi, tayarsa milimita 28, birkinsa na faifai mai waya, giyarsa Shimano Sora. Zuciyata tana wajen na farkon, amma ina so na ji daga bakin masu sani. Tsawona santimita 176 ne, shekaruna 41.

Malamin Lissafi ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka fitar da kuɗi, ka san cewa wilin inci 29 da wilin keken kwalta da ake rubuta wa 700c girmansu ɗaya ne, dukansu milimita 622 a inda taya take zama. Ke nan za ka iya cire tayar nan mai haƙora ka sa mai sumul mai faɗin milimita 38 ko 40, ka kulle shokozobar idan tana kulluwa, ka sami mafi yawan sauƙin da kake nema da kuɗin da bai wuce na taya biyu ba. Kada dai ka sauko ƙasa da haka sosai, saboda bakin wilin keken duwatsu yana da faɗi, siririyar taya ba ta zama daidai a kansa.

Inda wannan dabarar take gazawa shi ne wajen giya. Idan haƙoran giyarka ta gaba 32 ne, na ƙaramar giyar baya kuma 11, to zagaye ɗaya na feda bai kai ka mita bakwai ba, alhali keken kwalta mai haƙora 50 a gaba yana kai mutum kusan mita goma. Amma wannan bambancin ba ya damun mutum sai gudu ya yi yawa, don haka zan tambaye ka tsakani da Allah: sau nawa kake wuce kilomita 35 a sa'a a hanyar zuwa aiki, da jaka a bayanka, ga 'yan kabu-kabu suna yanko ka ta hagu da dama? Ni a ganina ka gwada wannan wata biyu tukuna.

Mai Hawan Argungu ya rubuta:

Lissafin Malam daidai ne, sai dai ban yarda da inda ya tsaya ba, domin ni ma ta wannan hanyar na biyo, kuma na yi shekara guda da taya mai sumul a kan keken duwatsu kafin na gane cewa ba taya kaɗai ce take riƙe ni ba. A kan keken duwatsu mutum yana zaune ne a miƙe, hannuwansa a buɗe, ƙirjinsa yana tare iska kamar ƙyaure, kuma da zarar gudu ya wuce kilomita 20 a sa'a, iska ce take cinye mafi yawan ƙarfin mai tuƙi. Duk wanda ya taɓa nufar Argungu daga Birnin Kebbi da safiyar hunturu, iskar arewa maso gabas tana dukan fuskarsa, ya san abin da nake faɗa. Lanƙwasasshen kai yana ba ka wurin riƙo uku, ka sunkuya idan iska ta taso, ka miƙe idan bayanka ya gaji, kuma yatsunka ba sa mutuwa kamar yadda suke yi idan aka daɗe a riƙo guda.

Game da kekuna biyun nan, ɗan'uwa, ka bar na kabon ɗin. Ba ina ƙin kabon ba ne, tayar nake ƙi. Kekunan tsere na da, masu birkin gefen wili, yawancinsu ba sa karɓar tayar da ta wuce milimita 25 ko 28, kuma taya mai milimita 23 tana buƙatar iska mai tsauri ƙwarai, wadda za ta sa kowane tsagin kwalta ya hau maka har wuya. Idan kuma ka rage iskar don ka huta, ramin farko da ka faɗa zai matse tiyub tsakanin wili da bakin ramin ya huda shi wuri biyu. An yi irin wannan keken ne don shimfiɗaɗɗiyar kwalta, mu kuwa ko a inda kwaltarmu take da kyau, gefenta yashi ne, ga tudun rage gudu a mashigar garuruwa, ga lokacin da tirela za ta tilasta maka sauka kan burji ko kana so ko ba ka so.

Abin da za ka auna a jikin na alminiyom ɗin shi ne sararin da ya rage tsakanin taya da ƙarfen keken, gaba da baya. Idan zai ɗauki milimita 32 kuma a sami ragowar milimita huɗu ko biyar a kowane gefe, to ka samu. Kekunan da aka ƙera don doguwar tafiya, irin su Trek Domane da Giant Contend AR, suna da wannan sararin, kuma kansu yana da ɗan tsayi, abin da zai yi wa mai shekara 41 da ya saba zama a miƙe daɗi. Ka duba kuma ko akwai ƙananan ramukan kusoshi kusa da gindin wilin baya, domin a nan ake ɗaura kariya, wato wurin ɗora kaya a bayan keke, kuma jakar goyo a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, azaba ce da ba ta da amfani. Ni a kariya nake naɗe kaftanina, sai na isa ofis na sa, tun ranar da sarƙa ta cinye mini bakin wando.

Ga tsawonka, a lambobin girman jikin keke, lamba 54 ce ta fi kusa, ko da yake kamfanoni suna bambanta wajen awo. Masu zuwa daga keken duwatsu sukan zaɓi wanda ya yi musu girma saboda sun saba da faɗi, daga baya su yi ta kukan ciwon wuya. Ka hau ka yi aƙalla minti ashirin kafin ka yi ciniki. Kuma ka sani cewa makon farko za ka ji kan keken yana rawa, birkin kuma ba zai kama kamar wanda ka saba da shi ba, saboda haka ka koyi taka birki da wuri kafin ka shiga cunkoson bakin babbar kasuwa.

Baba Mai Gyara ya rubuta:

Ɗana, ni ba mai tsere ba ne, gyaran keke nake yi tun zamanin da Raleigh da Phoenix suke cika gari, kuma abin da zan ƙara shi ne maganar kayan gyara, wadda masu saye ba sa tunawa sai keke ya kwanta. Tayar 700c ba ta cika samuwa a nan ba kamar inci 26, sau da yawa sai an aiko da ita daga Kano ko Legas, saboda haka ranar da ka sayi keken ka nemi tiyub uku da taya guda ka ajiye. Bawul ɗin waɗannan kekunan siriri ne, ana ce masa Presta, kuma bakin injin mai faci na bakin titi ba ya kama shi sai da wani ɗan ƙarfe da ake murɗawa a kai. Ka saye shi ka ɗaura a makullinka, ka kuma nemi famfo mai agogo, domin mai facin da ya saba da tayar babur da yatsa yake auna iska.

Giyar Sora mai hawa tara a baya ce, kuma wannan alheri ne a gare ka, saboda sarƙarta ta fi ta masu hawa 11 kauri da sauƙin samu. Birkin faifai mai waya ma kowane mai gyara zai iya ɗaure shi, ba kamar mai aiki da mai ba.

Shi kuwa kabon na hannu, tsoronsa nake ji. An taɓa kawo mini wani da aka saya da tsada, fentinsa yana walƙiya, ashe akwai tsagewa a ƙarƙashin sirdi da aka shafe da fenti, bai yi wata biyu ba ya buɗe. Ƙarfe idan ya ji ciwo yana lotsawa ka gani da idonka, kuma mai walda zai iya taimakonka, kabon kuwa yana ɓoye ciwonsa, ba kuma mu da kayan gyaransa a nan.

Sai ƙaya. Bayan damina tsidau yana zuba a gefen hanya, ga ƙayar aduwa, kuma siririyar taya ba ta da naman da zai tare su. Ka nemi taya mai shimfiɗar kariya a ciki, irin Schwalbe Marathon, ko da ta fi nauyi. Da hunturu kuma kada ka cika wa sarƙa mai, domin ƙura tana haɗuwa da shi ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Ka ɗiga kaɗan, ka goge da tsumma.

Ɗan Zuru ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri. Jiya bayan la'asar na koma wurin mai kekunan da ma'auni a aljihuna. Na kabon ɗin ko milimita 28 ba zai ɗauka ba, don haka na haƙura da shi duk da ragin da aka yi mini. Na alminiyom lambarsa 54, yana da ramukan kariya, kuma da alama zai karɓi 32 a gaba, sai dai a baya sararin ya matse, ban tabbata zai rage milimita huɗu ba. Na hau shi har shataletale na dawo, kuma gaskiyar Mai Hawan Argungu ce, kan yana rawa, har sau biyu ina lalubar birki a inda babu shi.

Keken duwatsun ba zan sayar ba, zan bar shi da tayarsa don ranakun da zan je gida. Baba, tambaya ɗaya ta rage mini: idan 32 ta ƙi shiga baya, akwai laifi na sa 32 a gaba na bar 28 a baya, ko kuwa dole sai sun zama iri ɗaya? Mai keken ya ba ni zuwa Juma'a.