Neman shawara: injin batir mai feda yana kewayawa da ni a tsakiyar ruwa

Mai tambaya, Yelwan Yauri:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Yayana da ke aiki a Fatakwal ya aiko mini da ƙaramin injin jirgi mai aiki da batir, na hannu, ƙirar Minn Kota, an rubuta 55 a jikinsa, batir ɗaya yake ci mai bolt 12. A goshin jirgi ake ɗaura shi, da ƙafa kuma ake tuƙawa, don akwai feda da kebur ya tashi daga gare ta zuwa kan injin. Na yi murna matuƙa, domin abin da na daɗe ina nema ke nan, in lallaɓa bakin ciyawa kifi bai ji ni ba. To yau kwana shida ya gagare ni. Jiya da asuba na je duba mamari, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa, ina takawa sai jirgin ya kewaya da ni sau biyu, igiya ta shige ƙarƙashi, da kyar na ƙwato ta. Fedar kuma tana wasa kamar yatsa biyu kafin kan injin ya motsa, in na kai gudu lamba 5 sai ta riƙa fizge mini ƙafa. Don Allah injin ne ba lafiya ko ni ne ban iya ba? Ba na son a kwance mini shi a banza.

Makaniken injin jirgi, Yelwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Duka biyun ne, amma kada ka bari kowa ya kwance shi tukuna. Kewayawar nan daga ƙafarka take. Injin nan ba shi da giyar baya. Ka danna yatsun ƙafa ya yi dama, ka danna diddige ya yi hagu, in fedar na tsakiya ya miƙe. In ka danne ta har ƙasa kuwa, kan ya juya ya dubi baya, ribas ɗinsa ke nan. Ina zargin kana taka ta kamar birkin babur. Kaɗan-kaɗan ake yi, idonka a kan kibiyar da ke saman kan injin, ita ke nuna inda zai ja ka.

Ka fito da jirgin tudu, ka cire batir, ka taka a hankali kana kallo. Da farko ka tabbata kibiyar da gindin injin wuri ɗaya suke duba, don na hannu sau da yawa kibiyar ta goce. Sannan ka duba fedar, akwai sukurun ɗaure kebur a jikinta. Ka juya shi dama rabin zagaye, ka gwada, ka ƙara, har wasan ya tafi. Kada ka ɗaure tamau, fedar za ta yi tauri, kebur ya ci kansa. In kuma kana takawa kana jin ƙaras-ƙaras kamar yashi a ciki, silin wayar sun fara tsinkewa, sai dai sabo. Kada wani ya ce zai haɗa maka da wayar kulocin babur.

Dattijo Basarke, Ngaski:
Ɗana, ni ban taɓa taka irin wannan ba, jikana ne ma ke rubuta mini, amma ruwa na sani. Kai ka saba da injin baya mai tura jirgi, inda gindi ke fara kaucewa. Wannan janka yake yi ta hanci kamar akuya a igiya, goshi ya tafi, gindi ya biyo daga baya. In ka ga bai biyo nan take ba ka ƙara takawa, ai dole ya wuce da kai. Ka taka, ka jira. In akwai iska ko ruwa na gudu, ka fuskance su, jirgi ya fi jin magana a haka.

Abin da ya fi damuna tsayuwa da ƙafa ɗaya a kwale-kwale. Waɗanda suka ƙera abin nan jiragensu masu faɗi ne. Ka zauna a kan katako ka taka, ka sa rigar ruwa. Kuma tun da aka tare Kainji a 1968 itatuwan da ruwa ya ci suna nan a tsaye a ƙasa, in ruwa ya janye kututturansu na dab da sama. Filafilinka kada ya bar jirgi.

Mai tambaya:
Allah ya ƙara girma Baba, a tsaye nake yi wallahi. Daga yau na zauna.

Mai haɗa sola, Birnin Kebbi:
Malam, fizgar da kake ji a lamba 5 ba lalacewa ba ce, ƙarfin farfela ne ke komowa ta kebur zuwa ƙafarka, kuma kebur mai sako-sako yana ƙara ta. Ka koya a lamba 2. Ga wani dalilin ma: a ƙarshen gudu injin nan yana jan kusan amfiya 50, batir mai 100 ba zai cika maka awa biyu ba. Ka nemi batir irin na sola, na mota ba ya jure a zuƙe shi kullum, ka sa wa injin bireka mai amfiya 60, wato abin da ke katse wuta in ta yi yawa, kusa da batir. Farfela ta nutse kamar santimita 30, in ta yi sama tana shan iska, ƙara ta kori kifin da kake lallaɓawa.

Tunda igiyar mamari ta shiga ƙarƙashi jiya, ka cire batir ka kwance farfelar yau ɗin nan. Zaren lailon yana naɗewa a bayanta ba a gani, ya yanke robar da ke tare ruwa, ruwa ya shiga cikin injin. Wannan ya fi kebur tsada nesa ba kusa ba.

Mai tambaya:
Jama'a na dawo, Allah ya saka da alheri. Na sami zare a bayan farfela har ya fara narkewa ya zama kamar zobe, na cire. Kebur kuma ashe ni na cuce shi, na lanƙwasa shi a ƙarƙashin katakon zama na ɗaure da roba don kada ya harɗe ni. Ina sakinsa fedar ta yi laushi, sukuru zagaye ɗaya ya isa. Da la'asar na bi bakin burgu a lamba 2, a zaune, na jefa birgi sau huɗu jirgin bai juya ba, na fito da karfasa rabin daro. Saura abu ɗaya: in ƙasan jirgi ya jiƙe fedar tana zamewa.

Makaniken injin jirgi, Yelwa:
Madalla. Ka sami katako mai faɗi ka ɗaure ta a kai da sukuru, ka yanko tsohuwar taya ka sa a ƙarƙashi, amma kada ka huda cikin jirgin. Ka bar wa kebur hanya ya yi baka mai faɗi. Gobe da hantsi ina bakin tasha, ka biyo da shi in duba maka kibiyar.