Neman kalmar Hausa: me za mu kira "implicit bias"?

Malamai da 'yan uwa masu fassara, wannan kalma ta fito ne daga masana halayyar ɗan Adam na Amurka. Anthony Greenwald da Mahzarin Banaji sun yi rubutu a kan tushenta a 1995, kuma a 1998 Greenwald da abokan aikinsa suka fitar da gwajin da ke auna saurin da mutum yake haɗa wata fuska ko wani suna da alheri ko da sharri. Abin da ake nufi shi ne fifikon da zuciya ke yi wa wasu mutane a kan wasu ba tare da mai zuciyar ya lura ba, ko da kuwa da gaske yake ƙin zalunci.

An kawo "son zuciya", amma ban goyi bayanta ba, domin Bahaushe yana faɗarta ne ga wanda ya san gaskiya ya take ta saboda biyan buƙatarsa. "Wariya" kuwa aiki ce da ake gani, "ƙabilanci" kuma ya yi kaɗan, tunda lamarin ya shafi jinsi da shekaru da naƙasa da karin harshe. Wanda ya ce "ɓoyayyen son kai" ya matso kusa, sai dai mai sauraro zai ɗauka mutum ne yake ɓoye wa jama'a halinsa, wato munafunci, alhali shi kansa abin ya ɓoye masa.

Shawarata ita ce "karkatar rashin ankara". Mai tauye mudu ya san abin da yake yi, amma mai sikelin da ya karkata yana iya rantsuwa cewa awonsa daidai ne, kuma mai saye ya cutu duk da haka. Na guji "rashin sani" ne saboda za a ji shi kamar jahilci, alhali likita da alƙali ma ba su tsira ba.

Ga inda za a gwada ta. A binciken da Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka wallafa a 2004, sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 a Boston da Chicago, sai masu sunayen farar fata suka samu kira fiye da masu sunayen baƙar fata da kusan kashi 50 cikin 100. Binciken bai rarrabe wanda ya yi da gangan da wanda bai ankara ba, don haka mai fassara ya kira sakamakon "nuna bambanci", ya bar "karkatar rashin ankara" ga ɗaya daga cikin dalilan da ake danganta shi da su.