Neman kalma: me za mu kira tilefish da Hausa?

Jama'a, ana neman sunan Hausa ga kifin teku da Turawa ke kira tilefish. Tun kafin wani ya kawo "kifin tayil", a ajiye shi gefe, domin ba ruwansa da tayil ɗin daɓen ɗaki. An gutsuro sunan ne daga sunansa na kimiyya, Lopholatilus, bayan masunta sun fara kama shi a 1879 a Tekun Atlantika, kusa da gaɓar Amurka. Tunda sunan nasu gutsure ne, gara mu dubi halin kifin mu raɗa namu.

Can ƙasan teku yake zama, a zurfin mita 80 zuwa sama da 400, inda ruwa ba ɗumi ba kuma sanyi ƙarara, wajen digiri 9 zuwa 14. Ba mai yawo ba ne. Rami yake ginawa a cikin laka ko yumɓu ya zauna, in ya ji motsi ya faɗa ciki da kai. A bangon wasu kwazazzaban teku, ramukan kan yi jere, wani bisa wani. Abincinsa ma a ƙofar gida yake: ƙaguwa, jatan lande, dodon koɗi, tsutsotsi, wani lokaci ƙananan kifaye. Ni dai na ce "kifin rami". Me kuka gani?

— Malam, kifin rami ya yi daɗin faɗi, amma duk wanda ya ji, gaiwa zai kawo a ransa, tunda ita muka sani da shigewa laka. Kuma gaiwa fari take gudu, shi kuwa wannan gidansa ke nan na dindindin. Me zai hana "mai zanko"? Ai akwai wata tsoka a tsaye a kansa.

— Yaya, zankon nan ba duka ke da shi ba. Babbansu ne mai ɗigo-ɗigon ruwan zinariya, wanda kan kai tsawon mita guda, yake da shi. Dangin suna da yawa, har da wanda Japanawa ke kira amadai, kansa sumul. In muka ce mai zanko mun kori sauran.

— To ga nawa: "kifi magini". Mu da muke cewa gina rami, mu kuma ce gina ɗaki, kalma ɗaya ta ɗauke mana duka biyun. Akwai na yashi a ruwan Karibiyan, wanda bayan ya gina ramin sai ya riƙa kwaso tsakuwa da ɓaraguzan murjani da baki yana tarawa a kai, har su zama tsibi. Wannan ai ya wuce mazaunin rami kawai.

— Wannan ya fi nawa, na janye. Ya ma taimaka wajen bayanin abin da ya faru a 1882, lokacin da ruwan sanyi ya kwararo wa manyan nan na gaɓar Amurka, jiragen ruwa suka riƙa ratsa matattunsu a saman teku, miliyoyi barkatai. Kifin da ya kafa gida ba ya saurin ƙaura. Sai da aka yi shekaru kafin a sake ganinsu.

— A ƙara da cewa ba don ado ake neman sunan ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka tana gargaɗin masu juna biyu su guji na Mashigin Tekun Meziko saboda yawan zaiba a namansa. Mai rubuta wannan gargaɗi da Hausa dole ya sami abin da zai kira kifin.

— Shi ke nan: kifi magini, jam'i kifaye magina. Babban ya zama magini mai zanko, don kada shawarar Yaya ta tafi a banza, ɗayan kuma maginin yashi. Na Japan a bar masa amadai ɗinsa.