Tarakta ce ko katafila? Yadda aka kaya a zauren direbobin manyan injina

Autan Marigayi: Salamu alaikum 'yan zaure. Wallahi raina a ɓace yake. Tsohuwar taraktar Babanmu, D8H ta kamfanin Caterpillar, 'yar Amurka, da ke ajiye a bayan gida tun rasuwarsa, yau yayyena suka kawo 'yan gwangwan su yi mata kuɗi a kilo. A kilo fa! Ƙarfen da ya haura tan 20, injin D342 mai silinda shida, ƙarfin doki 270. Da ita aka ciyar da mu, da ita aka yi musu aure. Ina yaro nakan tsaya in ga Baba ya tayar da ɗan ƙaramin injin fetur da ke gefenta, ya bar shi yana ta ƙara yana juya babban har ya ɗumama, sannan ya buɗe mata gas. Sai ta yi tari biyu, ta feso baƙin hayaƙi, kajin unguwa su watse. Ina nan a kan bakana: tun da D8K ta gaje ta a 1974 ba a sake ƙera tarakta irinta ba. Na yanzu duk waya ce da kwamfuta.

Oga Mai Gireda: Allah ya jiƙan Baba. Amma ɗana, wace tarakta kuma? Tarakta ita ce Massey Ferguson mai tayoyi da ake huɗa da ita. Wannan katafila ce. Ka gyara bakinka.

Injiniya: Oga, da girmanka, yaron bai yi kuskure ba. Kamfanin ma sunansa Caterpillar Tractor Company tun 1925 da kamfanonin Holt da Best suka haɗe, sai a 1986 aka cire kalmar tarakta daga sunan. Masu ita suna kiranta tarakta mai sarƙa. Katafila sunan kamfani ne, kamar yadda mata ke kiran kowane garin sabulu Omo.

Oga Mai Gireda: Shekara 31 ina kan kujerar nan, ban taɓa jin wanda ya ce "kawo tarakta a ture tudun can" ba. Kai a takarda ka karanta, ni a kai na tsufa.

Injiniya: Tsufa a kai ba hujja ba ce, Oga. Asalin kalmar katafila ma tsutsa take nufi, saboda yadda sarƙar ke rarrafe.

Oga Mai Gireda: Yanzu ni ne direban tsutsa? To na gode.

Na Komatsu: In dai sunan kamfani ne, a daina kiran D155 ɗina ta kamfanin Komatsu na Japan katafila. Kuma ta fi D8H ɗinku komai.

Bala Birki: Komai kamar me?

Na Komatsu: Kowa ya sani.

Bala Birki: Kowa wa? Ai Jafanawa daga baya suka zo. Har Rasha sai da ta kwaikwaya, S-80 da suka fara ƙerawa a 1946 D7 ta Caterpillar ce aka sauya wa riga.

Na Komatsu: Ina ruwana da Rasha? Ka biya ni dubu biyar ɗin fitila da ka karɓa tun kafin azumi, sannan ka yi mini tarihi.

Ɗan Maraɗi: Ku duka kun ɓata. Mu nan buldoza muke cewa, magana ta ƙare. Sai dai ta cika shan gazuwal.

Bala Birki: Gazuwal kuma? Baƙo, nan gas ake cewa.

Ɗan Maraɗi: Gas na girki ne, aboki.

Injiniya: Buldoza ma asalinta farantin gaban ne mai turin ƙasa, ba injin ba.

Oga Mai Gireda: Wai kai akwai kalmar da muka iya kuwa?

Autan Marigayi: Don Allah jama'a, shawara na zo nema. Gobe da safe za su zo da abin yankan ƙarfe. Na goge farantin lambarta na bayan kujera, da 68A ta fara, ko akwai mai son saye ya gyara.

Injiniya: 68A ka ce? To ba 'yar Amurka ba ce. Na Amurka irinta da 46A suke farawa. Masu 68A a masana'antar kusa da Gilasgo aka ƙera su, wadda aka rufe a 1987.

Oga Mai Gireda: Ƙarya ne. Yaushe Baturen Ingila ya iya ƙera katafila?

Injiniya: Gilasgo a Sikotland take, ba Ingila ba.

Oga Mai Gireda: Duk sarkinsu ɗaya ne.

Malam Na Masallaci: Ɗan'uwa, wannan kayan gado ne. In kana so ta tsira, a yi mata kuɗi ka biya sauran magada rabonsu.

Na Komatsu: Malam, a fara yi wa Bala wa'azin bashi tukuna.

Autan Marigayi ya fice daga zaure.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Bayan doguwar muhawara mai amfani, zaure ya tsaya a kan cewa katafila ce, kamar yadda ubangidana Oga Mai Gireda, wanda a hannunsa na koyi tuƙi, ya faɗa tun farko. Abin da Injiniya ya kawo na 'yan boko ne, mun ji, amma ba da shi ake aiki a daji ba. Zancen Ingila ba a tabbatar ba. Komatsu kuwa babu wanda ya goyi bayanta sai mai ita, shi ma bai kawo komai ba. Maganar bashi a yi ta a waje. Wanda ke da lambar yaron nan ya turo mini a gefe, ina son ɗan injin fetur ɗin da turbo kafin 'yan gwangwan su iso.