Me za mu kira "Hadean" da Hausa?

Malamai masu koyar da ilimin ƙasa, da ku masu fassara, ku zo mu raɗa wa Hadean suna. Shi ne zango na farko a tarihin duniyar nan, daga haɗuwarta shekaru kusan biliyan 4.6 da suka wuce zuwa wajen biliyan 4, inda zangon Archean ya karɓa. Preston Cloud, masanin duwatsu ɗan Amurka, shi ya laƙaba sunan a 1972. Ya aro shi ne daga Hades, abin bautar Girkawan dā mai mulkin ƙarƙashin ƙasa, mazaunin matattu.

Mai gaggawa zai rubuta "Hadiyan" ya wuce. To, Bahaushe ya ji Hadiyan, in ba haɗiya ta faɗo masa ba sai hadiyya. Ɗalibi zai haddace, bai fahimci komai ba.

Wanda ke saurin zuwa baki shi ne "Zamanin Jahannama". Ban yarda da shi ba. Jahannama makoma ce da muke neman tsari da ita, ba kalmar da za a ara wa darasin duwatsu ba ce. Ko an ajiye wannan gefe, su kansu duwatsun ba su goyi bayan sunan ba.

Lallai farkon zangon an sha zafi. Ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne, wajen shekaru biliyan 4.5 da suka wuce, wata duniya mai girman duniyar Mas (Mars) da ake kira Theia ta yi karo da tamu, tarkacen ya dunƙule ya zama Wata, doron ƙasa kuma ya koma tekun narkakken dutse. Sai dai ba a dawwama a haka ba. A tsaunukan Jack Hills da ke yammacin Ostareliya an samo ƙwayoyin wani ma'adini mai suna zirkon, ƙanana ƙwarai, ba su kai milimita ɗaya ba. Zirkon yana da wani hali: sa'ad da yake ƙulluwa yana karɓar yuraniyam, ba ya karɓar dalma. Shi kuwa yuraniyam sannu a hankali yake rikiɗewa zuwa dalma, bisa wani ƙayyadadden sauri. Duk dalmar da aka tarar a cikin ƙwayar daga baya ta taru, da ita ake lissafa shekaru. A 2001 aka bayyana cewa ɗaya daga cikinsu ta kai shekara biliyan 4.4. Nau'in oksijin da ke cikin ƙwayoyin kuma ya sa masana da yawa suka ce tun a lokacin akwai ruwa kwance a doron ƙasa. Inda ruwa ya kwanta kuwa ba a kiransa wuta. Wannan hujja ita ta kayar da "Zamanin Narkewa" ma: ya dace da mafarin zangon, ya bar sauran a baya.

"Zamanin Azal" fa? Azal ba shi da farko, wannan kuwa an auna farkonsa. Tun 1956 Clair Patterson ya fitar da shekarun duniya, biliyan 4.55, daga duwatsun da suka faɗo daga sama. "Dauri" kuma na kaka da kakanni ne, ya yi kusa da yawa.

Ni abin da na zaɓa shi ne Jijjifin Duniya. Wani malami zai ce ai jijjifi da sanyi aka san shi. Haka ne, Malam, amma ba sanyin na ɗauka ba. Da jijjifi gari ya soma, duhu bai gama yayewa ba, kana hangen mutum ba ka shaida fuskarsa. Haka zangon yake ga masu bincike, don kusan duk duwatsunsa sun narke, ko sun zaizaye, ko ƙasa ta sake haɗiye su. Dutsen Acasta na arewa maso yammacin Kanada, mai shekara biliyan 4.03, a bakin iyakar zangon yake tsaye. Na Nuvvuagittuq da ke gaɓar tekun Hudson Bay a lardin Kebek na Kanada har yau ana ja-in-ja a kansu: a 2008 an ce biliyan 4.28, wasu suka ce ba su wuce 3.8 ba. Abin mamaki, wasu duwatsun da 'yan sama jannatin Apollo suka kwaso daga Wata sun girmi duk wani dutse ɗan asalin duniyar nan da aka samu.

Ku gwada shi a jimla ku ji: "Wata ya samu ne a Jijjifin Duniya." "Zirkon ɗin Jack Hills na Jijjifin Duniya ne." A littafin makaranta sai a ambaci Hadean sau ɗaya a farkon darasi saboda masu rubuta jarrabawa da Turanci, daga nan a ci gaba da namu. Wanda ke da suna da ya fi wannan ya kawo, amma ya zo da shi a cikin jimla.